Ranar Da Na Kira Sunan Surukina A Cikin Jirgi

Abubuwa da yawa sun ɓace mini daga shekarun da na yi ina aikin jirgin sama, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na tuɓe takalmi na durƙusa a gaban jirgi cike da alhazai ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, can kuma in kama dariya ni kaɗai har a tambaye ni ko lafiya.

Ni 'yar Daura ce, a unguwar da ke bayan rijiyar Kusugu aka haife ni. Na samu aikin nan a shekarun da aka fara shari'a, lokacin da ko mai shayi yana da tasa fatawar a kan aikin mata. Wani kamfanin jigilar alhazai ne ya nemi mata masu jin Hausa da Turanci, saboda jirgin haya yake ɗaukowa, matuƙan da manyan ma'aikatan kuwa ko "sannu" ba su iya ba. Na zauna jarrabawa na ci. Maigidana, Allah ya saka masa da alheri, ya ce in je, amma da sharaɗi guda: kada Baba ya ji.

Baba shi ne mahaifinsa, wato surukina. Mutumin Mai'adua ne, ya tsufa yana loda shanu a mota yana kai su kudu, kuma muryarsa irin ta kasuwar dabbobi ce, in ya yi magana a zaure ana ji a bayan gida. Ya taɓa faɗa a wani taron suna cewa matar ɗansa ba za ta yi yawo da tire tana raba wa maza abinci ba muddin yana numfashi. Maigidana kuma bai taɓa musa masa ba. Ke nan duk ranar da Baba ya ce in ajiye aikin, to an gama. Saboda haka muka ce masa a ofishin jirgi nake aiki. (Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Akwai ofishin, har na taɓa shigarsa sau biyu.)

Wanda ya taso a irin gidajenmu ya san yadda ake zama da suruki. Shekarata uku da aure a lokacin, amma ban taɓa kallon fuskar Baba da kyau ba. Takalmansa na sani. In za ni gaida shi, tun daga nesa nake cire nawa, in durƙusa, kaina a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Ban taɓa kai loma baki a gabansa ba, shi ma bai taɓa ci a gabana ba. Sunansa kuwa ko a zuci ba na faɗa. Akwai wani mai kanti a layinmu da ya yi rashin sa'ar samun irin sunan, shekara da shekaru "mai sunan Baba" nake ce masa, har mutanen layin suka ɗauka.

A wajen horo, an koya mana yadda ake yi da fasinja mai tayar da hankali, mataki bayan mataki. Da farko lallashi: ka sauke murya, ka rage tsawo, kada ka nuna shi da yatsa, in ya zage ka kada ka rama. In ya ƙi ji, a gargaɗe shi da baki. In ya zarce, kyaftin ya ba da takardar gargaɗi na ƙarshe, a karanta masa da harshen da yake ji, a kira cikakken sunansa a gaban shaidu. Daga nan sai ankwar roba, a ɗaure shi a kujera, 'yan sanda kuma suna jiransa a ƙasa. Laifin da ya fi kowane girma shi ne taɓa ƙofar ɗakin matuƙa. Duk na haddace. Ni na zo ta ɗaya a ajin, kuma ban bar kowa ya huta ba. Ina ta cika baki cewa duk wanda ya yi mini rashin kunya a jirgi zai gane 'yar Daura ce ya taɓa.

Tafiyoyin gwaji da na yi a farko duk alhazan wasu jihohi ne, babu wanda ya san ni. Sai ta ƙarshe, wadda daga ita za a tabbatar da ni ko a sallame ni, ta faɗo a kan Katsina. Shugabar ma'aikatan jirgin, wata doguwar baƙuwa da muke kira Madam, ita ce za ta rubuta rahoto a kaina, kuma mace ce da ban taɓa ganin haƙoranta ba. Na san Baba zai sauke farali a shekarar, don haka na bincika, aka ce mini rukunin Mai'adua sai jibi, a wani jirgin. Na yi hamdala. Na manta cewa a harkar jigilar alhazai, abin da aka rubuta da safe ba shi ake yi da rana ba.

A ƙofar baya aka tsayar da ni lokacin shiga. Kowa cikin yadi iri ɗaya, maza da mata, ga jaka iri ɗaya, ga katin shaida a wuya. Na jawo mayafina har gira, na riƙa cewa "bismillah, ku shigo" da wata murya da ba tawa ba. Muka tashi da hantsi lafiya lau. Da jirgi ya daidaita na turo keken abinci, ina miƙa wa na dama ina miƙa wa na hagu, har na fara jin daɗin kaina. Can tsakiyar jirgi idona ya sauka ƙasa, sai na ga wasu takalma sau-ciki ruwan ƙasa, na hagun da faci a wajen babban yatsa.

Ban ɗaga kai ba. Babu buƙata. Na ja keken nan da baya da baya, wani tsoho yana miƙo hannu yana cewa "'yata, ni ba a ba ni ba," ni kuwa ko waiwaye. Na faɗa bayan labule na roƙi wata abokiyar aikina, wadda Hausarta tsince-tsince ce, ta karɓi layin, na ce mata kaina ke juyawa. Lissafina shi ne in lafe a baya har mu sauka Jidda, awa huɗu da 'yan kai, ai ba wani abu ba ne.

Ba mu yi nisa ba jirgi ya shiga gargada. Ya yi ƙasa, ya yi sama, ya karkata, kofuna suka zube. Aka kunna fitilar ɗaura bel, alhazai suka ɗauki salati. A cikin salatin nan sai na ji muryar da na sani ta keto:

"Kai! Wane ne direban nan?"

A nan sai in yi muku bayani. Baba bai taɓa zama a bayan mota ba. Duk tafiyar da ya yi a rayuwarsa gidan gaba yake zama, kusa da direba, kuma shi ke faɗa masa inda zai rage da inda zai kauce wa rami. Direbobin shanu duk sun san shi, wanda bai iya jin gyara ba ba ya ɗaukar kayansa. A ganin Baba, an riga an yi masa wulaƙanci da aka ajiye shi a tsakiya cikin mutane, ya haɗiye saboda tafiyar ibada ce. Amma a ce yana zaune wani yaro yana tuƙin ganganci da rayukan bayin Allah, wannan kam ba zai lamunta ba.

Ya ɓalle bel ya miƙe ya nufi gaba yana dafa kujeru. Wani ma'aikaci, dogon Balarabe, ya tare shi cikin ladabi yana nuna masa kujera. Baba ya ture shi gefe da hannu ɗaya, hannun da ya saba riƙe ƙahon bijimi. Madam ta sha gabansa tana magana a hankali da Turanci.

"Ke matsa can, ba da ke nake ba!" in ji Baba. "Marar kunya kawai, kin tsaya kina zare mini ido. Ina direban?"

Ya ƙara mata da wasu maganganun da na gode Allah ba ta ji Hausa. Ya zagaye ta ya isa ƙofar ɗakin matuƙa, ya dunƙule hannu ya shiga bugu.

"Direba! Rage gudu! Mutane ka ɗauko, ba buhunan gero ba!"

Abin da ya ƙara ɓata lamarin, har da masu mara masa baya. Ina jin wani yana cewa, "Faɗa masa gaskiya, Alhaji!"

Za ku tambaya, ina wadda ta zo ta ɗaya a aji? Ina 'yar Dauran da za a gane ta? To ni dai na yi alkawarin faɗar gaskiya. Ina cikin bayi. Na shige na danna sakata, na zauna a kan murfi, rungume da butar shayi da ban san lokacin da na ɗauko ta ba. A cikin duk ma'aikatan gaba babu mai jin Hausa, ni aka ɗauka domin irin wannan rana, kuma ga ni ina roƙon Allah ya sa a manta da ni. Na manta da wani darasi da ni kaina na amsa shi daidai a jarrabawa, cewa ma'aikata suna iya buɗe bayin jirgi ta waje. Ƙofa ta buɗe, abokiyar aikina ta dube ni, ta dubi butar, ta ce Madam tana nemana yanzun nan.

Ban taɓa yin tafiya mai nisan wannan ba. Da na isa, na tarar an wuce lallashi, an wuce gargaɗin baki. Balaraben nan yana tsaye da ankwar roba a bayansa, wani ma'aikacin ya matso ta ɗaya gefen. Madam ta danƙa mini takardar kyaftin, ta riga ta kwafi sunan daga katin da ke wuyan Baba. Ta ce in karanta masa da Hausa, in na kai ƙarshe bai zauna ba za su ɗaure shi, kyaftin kuma zai kira 'yan sandan Jidda. Nan na hango abin da zai faru. Dattijon da ya yi shekaru yana jiran wannan tafiya, a ɗaure shi a gaban mutanen garinsu, a sauke shi a hannun 'yan sanda, wataƙila ko Ka'aba bai gani ba. Ni kuma ko ta ina aka duba, aikina ya tafi.

Wallahi ban yanke shawarar abin da ya biyo baya ba, ƙafafuna ne suka yi gaban kansu. Na tsinci kaina na zare takalma, na zube a ƙasa cikin kayan aiki, kaina a sunkuye, jirgi yana ta jijjiga. Bakina kuma ya buɗe ya ce:

"Baba, ina kwana. An zo lafiya? Ya mutan gida?"

A sararin samaniya fa! Ga ankwa, ga Madam, ga mutum yana dukan ƙofar matuƙi, ni kuma ina tambayar mutan gida.

"Lafiya lau," in ji Baba, don gaisuwa ba ta wuce shi. Sannan ya ce, "Yauwa, ga mai hankali. 'Yar wa ce ke? Tashi ki buɗe mini ƙofar nan."

Sai a lokacin na gane ashe shi ma bai san fuskata ba. Wani sanyi ya ratsa ni, na ce shi ke nan, zan karanta in sulale babu wanda ya sani. Na fara fassara, "Wannan gargaɗi ne daga matuƙin jirgi zuwa ga..." Sai ga sunan a rubuce da manyan baƙaƙe. Harshena ya ƙi. Na ce "zuwa ga Alhaji." Madam ba ta jin Hausa, amma ta san abin da ta rubuta, kuma ba ta ji shi ba. Ta sa yatsa a kan takardar ta ce in faɗi sunan. Na ce "zuwa ga dattijo." Ta sake nunawa. Na ce "zuwa ga mai wannan suna." Fuskarta ta canza.

Daidai nan jirgi ya yi wata irin girgiza, takalmina na dama ya zame ya bi layi, ya tsaya a ƙafar wata tsohuwa. Ba kowa ba ce sai Inna Tabawa, maƙwabciyar gidan su maigidana, wadda ita ta wanke mini ƙafa ranar da aka kai ni. Ta ɗauki takalmin, ta leƙo, ta ƙura mini ido, sannan ta saki murya:

"La'ilaha illallahu! Alhaji, ai surukarka ce! Matar ƙaraminku ce wallahi!"

Salati ya tsaya. Masu zuga suka yi tsit. Kawuna suka riƙa ɓullowa ta saman kujeru har can baya. Baba ya sandare, ya juya fuska ga bango kamar yadda ya saba, amma bai matsa daga ƙofar ba, hannunsa yana kanta. Na ga Madam ta yi wa Balaraben alama da ido, ya fito da ankwar fili.

Na duba, babu sauran abin da zan ɓoye. Na ja numfashi na ɗaga murya, na kira sunan Baba. Cikakke, da na mahaifinsa, da na garinsu, kamar mai kiran ɗalibai a aji. Wata mata ta ce "innalillahi." Inna Tabawa ta rufe baki da takalmina. Ni kuwa da na ga na riga na faɗa ruwan, sai na karance takardar tas, muryata ko rawa ba ta yi. Da na kai ƙarshe na ƙara da abin da babu shi a ciki.

"Baba, direba ya ji saƙonka. Ba gudu yake yi ba, hanyar ce ba ta da kyau a nan, kuma yanzu zai kauce mata. Amma dokarsu ita ce duk wanda ya taɓa ƙofar nan ɗaure shi ake yi. Don Allah, Baba, kada ka bari a ɗaure ka ina kallo."

Sai hannun ya sauko daga ƙofar.

"To ai da sai a yi wa mutum bayani," in ji Baba, yana faɗa wa bango.

Ya juya ya koma kujerarsa, mutane suna janye ƙafafu. Ya kama bel zai ɗaura ya kasa, hannuwansa sai kyarma suke yi. A nan ne na fahimci duk hargagin nan tsoro ne, tsoron mutumin da bai taɓa barin ƙasa ba, kuma bai san yadda ake cewa "ina jin tsoro" ba. Tausayinsa ya kama ni har ya kusa danne kunyar. Balaraben da ya ture ɗazu shi ya sunkuya ya ɗaura masa. Baba ya ja hirami ya rufe fuska. Allah da ikonsa, ba a yi minti biyu ba gargadar ta lafa, sai ga wani daga baya yana cewa, "Ka gani ko? Da Alhaji bai yi magana ba fa?"

Na koma baya da takalmi ɗaya, domin Inna Tabawa ta ƙi sakin ɗayan sai na faɗa mata tun yaushe nake wannan aiki. Na shige bayan labule na yi kuka mai isata. Ina cikin share ido Madam ta shigo da takardar rahoto. Na miƙe ina jiran sallama. Sai ta ce ta daɗe a wannan aiki, ta ga masu maye, ta ga masu dambe, amma ba ta taɓa ganin an sauke mutum daga ƙofar matuƙi da irin wannan dabara ba: a cire takalmi, a zube ƙasa, a fara da gaisuwa. Ta tambaye ni inda na koya. Na ce a gida. Ta ce kyaftin ya janye maganar 'yan sanda tunda fasinja ya bi umarni, kuma ta rubuta a tabbatar da ni. A ranar na ga haƙoranta. (Ta kuma ce maganar bayi da butar shayi za mu yi ta daga baya. Mun yi ta, ba daɗi.)

Can na leƙa na ga abincin Baba yana nan a rufe bai taɓa ba. Na san dalili. Na aika abokiyar aikina ta gaya masa surukarsa tana can ƙarshen jirgi, an ja labule, ba za ta fito ba sai an sauka. Ta dawo tana dariya, ta ce ya cinye har ya karɓi na biyu.

Saura hukuncin gida. Bayan alhazai sun dawo aka aiko mu je Mai'adua. Tun a hanya na riga na yi bankwana da aikin a raina. Muka tarar da zaure cike da 'yan barka. Na cire takalmi na durƙusa a bayan ƙyaure, ina jin Baba yana ba da labari.

"Yaron nan mai tuƙi saura kaɗan ya hallaka mu. Ni na tashi na je na yi masa magana, kuma kowa shaida ne, nan take ya gyara tuƙinsa."

Aka yi ta "Allah ya saka da alheri, Alhaji." Sai ya yi gyaran murya ya kira ɗansa.

"Ita kuma wannan ta ofis," ya ce, aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa, "duk jirgin nan, da Turawansu da Larabawansu, babu wanda ya iya gaida mutum sai ita. A bar ta ta yi aikinta. In babu irinta a ciki, ɗaure mutanenmu za su riƙa yi kamar shanu." Sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai ka gaya mata, wancan abin da ta faɗa, sau ɗaya ya isa."

Aka miƙo mini tsarabata ta bayan ƙyaure. Kowa ya samu dabino da zamzam da tasbaha. Ni da na buɗe tawa ledar, takalmi ne baƙi, mai maɗauri har biyu, irin wanda ko jirgi ya kife ba zai zame ba.

Na yi shekaru ina aikin nan bayan haka, na lallashi masu zagi da masu ihu ba iyaka, kuma yawancinsu da na duba hannuwansu sai in ga suna kyarma. Abin da na koya dai shi ne, kafin in cika baki in fara duba jerin sunayen fasinjoji, kuma bayin jirgi ba wurin ɓuya ba ne. In kuma kuna jira in rubuta muku sunan Baba a nan, ku yi haƙuri. Ya ce sau ɗaya ya isa.